Me ya sa jiragen jet na farko na sojan ruwa suka riƙa kashe matuƙansu?

Ɗan Herwagana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya san abin ya faɗa min gaskiya, kada a lallashe ni.

Ni mai gyaran waya ne a nan Gombe. Ranar Talata wani yaro ya kawo min wayarsa gilashi ya tsage. Da na canja, na ce ya buɗe wani bidiyo mu ga ko launi na fita daidai, sai ya buɗe wani tsohon hoto marar launi ma gaba ɗaya, muka kwashe da dariya. Dariyar ba ta je ko'ina ba. Jirgin yaƙi ne yake tahowa zai sauka a kan wani ƙaton jirgin ruwa, hancinsa a ɗage kamar zakara zai yi cara, ga shi ya yi ƙasa fiye da kima. Wani mutum da ke tsaye a gefe yana yi masa alama ya ga abin ba na tsayawa ba ne, ya ranta a na kare. Jirgin ya daki bakin dandamalin, wuta ta tashi, ya gangara ta gefe ya faɗa teku. A ƙasan hoton an rubuta Hancock, 1955. Yaron ya ce irinsu suna nan da yawa, ya nuna min biyu na ce ya isa haka.

Abin da ya sa ya tsaya min a rai, ƙanena, autanmu, ya gama sakandare bana, ba shi da zance sai NDA, makarantar horar da hafsoshin soja. Sojan ruwa yake so, wai kuma jirgin sama zai tuƙa. Inna ta ce ba da yawunta ba. Tun rasuwar Baba ni ne ke tsaya masa, ni ke lallashinta. To tun ranar Talata na rasa bakin lallashi.

Shin mutanen nan ba su iya tuƙi ba ne, ko jiragen ne na banza? Kuma har yanzu haka abin yake?

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, kwana in ya ƙare ko a Keke Napep ne tsakanin Tashan Dukku da kasuwa sai an tafi. Ka bar yaro ya nemi abin da ransa ke so, ku bi shi da addu'a. Sannan mu a Najeriya ina muka ga jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi? Sojan ruwanmu helikwafta suke tuƙawa. Ka cire bidiyon nan daga ranka.

Malam Na Fiziks, Bauchi

Baban Khalifa, zancen ajali ba mai ja da kai. Amma bawan Allah dalili ya tambaya, kuma dalilin yana nan. Shekara 19 ke nan ina koyar da fiziks a sakandare a nan Bauchi, kuma da wannan labarin nake koyar da darasin gudu da nauyi, domin in na ce yara su lissafa ƙwallon da ke gangarowa daga tudu, kafin in juyo daga allo rabin aji ya yi barci.

Abin da ka gani, Ɗan Herwagana, ya faru ne ranar 14 ga Yulin 1955 a kan Hancock, jirgin ruwan Amurka mai dakon jiragen yaƙi. Jirgin Cutlass ne na kamfanin Vought, matuƙinsa Laftanar Kwamanda Jay Alkire. Ya mutu, wutar kuma ta ci wasu ma'aikata da ke gefen dandamalin. Babban hafsa ne, ba ɗan koyo ba, don haka ka ajiye zancen rashin iya tuƙi a gefe tukuna.

Ka fara duba filin saukar. Jiragen ruwan nan an ƙera su ne lokacin yaƙin duniya na biyu domin jirage masu farfela. Dandamalin miƙaƙƙe ne ɗoɗar, tsawonsa wajen mita 260, wato filin ƙwallo biyu da rabi. Kada tsawon ya ruɗe ka, ba duka ake sauka a kai ba. A baya an shimfiɗa igiyoyin ƙarfe a gicciye, jirgi yana da ƙugiya a wutsiya da zai kamo ɗaya daga ciki. A tsakiya akwai shinge na waya. A gaban shingen kuwa jiragen da suka riga suka sauka ne a jere, da mai a cikinsu, da mutane suna kai da komo a tsakaninsu. In ƙugiyarka ta kuskure igiya sai shinge, in ka tsallake shinge sai kan 'yan uwanka. Babu hanya ta uku.

Mai farfela yana isowa da gudun wajen kilomita 150 a awa. Jet kuwa in ya yi ƙasa da 200 sai ya fara neman faɗuwa, domin fiffikensa na gudu ne. A nan nake tsayar da yara su ɗauki biro. Ƙarfin da abu mai gudu ke ɗauke da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudun, gudun ake ninkawa da kansa. Daga 150 zuwa 210 ƙarin bai kai rabi ba, amma ƙarfin da igiya za ta tare ya kusa ninki biyu, tun kafin ka sa nauyin jirgin a lissafi, alhali jet ya fi nauyi. Sannan mai farfela yana da ƙaton inji a gabansa, in ya shiga shinge injin ne ke karɓar duka. A jet matuƙi ne a can gaba, hancin jirgin siriri, waya na iya hawa ta kan hancin ta iske shi a kujerarsa.

Ranar 16 ga Satumbar 1951, lokacin yaƙin Koriya, wani jet samfurin Banshee da ya samu lahani a sama ya dawo zai sauka a kan jirgin ruwa Essex. Bai kama igiya ba, ya wuce shinge, ya afka cikin jiragen da ke ajiye a gaba. Mutum 7 suka mutu.

Amma ni abin da na fi ɗora wa laifi shi ne jinkirin inji. Mai farfela kana ba shi wuta yake amsawa, farfelar ma tana hura iska a kan fiffike ta ɗaga shi nan take. Injin jet na wancan zamani sai ka tura totur ka jira ya yi juyi ya kawo ƙarfi, daƙiƙu da dama. Jirgin da ke gudun kilomita 210 a awa yana cin kusan mita 60 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyar na jira mita 300 ke nan, ya fi tsawon jirgin ruwan baki ɗaya. Wato lokacin da idonka ya gaya maka ka yi ƙasa, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ka ƙara da cewa teku na ɗaga bayan jirgin ruwan yana sauke shi, kuma jet na shan mai kamar rairayi na shan ruwa, yawanci matuƙi yana dawowa ne da ɗan abin da ba zai ishe shi zagaye da yawa ba.

Shi Cutlass ɗin nan kuwa nasa ya yi yawa. Ba shi da wutsiya irin ta sauran jirage, don haka sai ya ɗaga hanci sosai kafin ya iya rage gudu, shi ne carar zakaran da ka gani, kuma a haka da ƙyar matuƙi ke hango inda zai sauka. Ƙafar gaba doguwa ce ƙwarai, in ta karye a wajen sauka matuƙi ya faɗo da hancin jirgin daga sama, ƙashin baya ke tafiya. Injinansa na Westinghouse ba su ba da ƙarfin da aka yi alkawari ba, har matuƙa na ba'a cewa na'urar gasa burodi ta kamfanin ta fi injinsu zafi. An ƙera 320, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun ƙare a haɗari. Laƙabin da suka sa masa ma'anarsa mai gamawa da ƙananan hafsoshi.

A shekarar 1954 kaɗai sojan ruwan Amurka sun yi asarar jirage 776 a haɗurra. Ba duka jet ba ne, amma ka raba da kwanakin shekara, fiye da jirgi biyu kullum. Kuma ba a yaƙi a shekarar, an tsagaita wuta a Koriya tun Yulin 1953.

Maganin daga Ingila ya fito, kuma sauƙinsa har haushi yake ba ni. A 1951 wani Kyaftin Dennis Cambell ya kawo shawarar a karkata layin sauka zuwa hagu kaɗan, yadda ƙarshensa zai fita teku ta gefe maimakon ya nufi jiragen da ke ajiye. Amurkawa suka gwada a kan jirgin ruwansu Antietam a farkon 1953, karkatar wajen digiri 10 ce kawai. Ka ga abin da wannan ya canja. A da, mai ba da alama yana nuna wa matuƙi ya yanke wuta kafin ya taɓa dandamali. Yanzu kuwa da wutarsa yake zuwa, yana taɓa ƙasa ma sai ya ƙure totur. In ƙugiya ta kama, igiya ta tsayar da shi. In ba ta kama ba, injin na nan a farke, ya tashi ya sake zagayowa. Jinkirin injin nan da ke kisa an zagaye shi ba tare da an taɓa injin ba.

Na biyu madubi ne. Wani hafsa Nicholas Goodhart ya ga cewa mutum mai ɗaga hannu ba zai iya bin gudun jet ba, kafin ya gani ya yi alama matuƙi ya fahimta an wuce wurin. Ana ba da labarin cewa a ofis ya fara gwadawa, da madubin kwalliya da jan-bakin sakatariyarsa. Ya ja layi a madubin, ya kafa jan-bakin a tebur, ya ce ta taho tana kallon kan jan-bakin daidai kan layin, sai ga ta ta sauko da haɓarta daidai inda ya nufa. Haka aka kafa babban madubi da fitilu a gefen dandamali. Matuƙi yana ganin ɗigon haske, in ya hau sama da layin fitilu ya yi sama, in ya sauka ya yi ƙasa, tun yana nesa. Irin haɗarin Alkire, na dukan bakin dandamali, wannan ne maganinsa.

Na uku na wajen tashi ne. Akwai na'urar da ke harba jirgi kamar yadda yara ke harba dutse da danƙo. Tsofaffin da man haidrolik suke aiki, nauyin jet ya fi ƙarfinsu, ga man yana kama wuta. A Mayun 1954 irin wannan na'ura ta fashe a cikin jirgin ruwa Bennington, mutum fiye da 100 suka mutu, yawancinsu ba su taɓa tuƙa jirgi ba. Wani injiniya Colin Mitchell ya ƙera mai aiki da tururin tukunyar jirgin ruwan, aka gwada a kan Perseus.

Ita Hancock ɗin da ka gani, a 1955 tana da na'urar tururi amma dandamalinta miƙaƙƙe ne. Sai a 1956 aka karkata shi.

Tsohon Direba, Kumo

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban yi boko ba, jikana ke karanto min yana rubuta min. Zancen jinkirin totur na gane shi sarai. Shekara 30 na yi ina jan tirela. In ka ɗauko siminti daga Ashaka ka tunkari hawa, tun daga nesa ake neman wuta, wanda ya bari sai ya ga tudu a gabansa ya makara. Yaran mota nawa na gaya wa haka. Amma mu muna da gefen titi.

Tambayata, jikan nan ya ce akwai kujerar da ke cilla matuƙi waje ya sauko da lema. Me ya hana su ja ta?

Abu Zainab

Baba Direba, kujerar akwai ta, tun 1946 kamfanin Martin-Baker ya gwada ta da mutum a sama. Amma ta wancan lokacin sai jirgi na da nisa da ƙasa kuma yana gudu, kafin lema ta samu sararin buɗewa. A bakin jirgin ruwa tsakaninka da teku bai wuce tsayin bene mai hawa biyar ko shida ba. In ka ja, ruwa za ka daka da lema a naɗe. Kujerar da ke ceton mutum ko jirgi na tsaye a ƙasa sai daga baya ta zo.

Malam Na Fiziks, da girmamawa, bayaninka ya yi kyau amma ka wanke manya da sabulu. Ka sa abin ya zama kamar lissafi ne ya kashe mutanen nan. Ni ɗan Azare ne amma shekara 12 na yi ina aikin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa a Legas, na san yadda ake cewa a ci gaba da aiki da igiyar da kowa ya ga ta fara warwarewa, domin jirgi na jira. Fiziks bai sa hannu a takardar sayen jirgi ba.

Ɗauki jirgin Demon na kamfanin McDonnell na Amurka. An sa masa injin Westinghouse J40 wanda bai kai ƙarfin da jirgin ke buƙata ba, yana kuma mutuwa a sama. An ga haka, aka ci gaba da ƙerawa saboda ana tseren makamai da Rasha. Sai da matuƙa 4 suka mutu aka hana shi tashi. Wasu sababbi fil a kan kwale-kwalen dako aka ɗora su daga St. Louis aka bi kogin Mississippi da su, aka kai makarantar makanikai ana koyon kwance inji. Sai da aka canja masa injin Allison ya zama jirgi.

Su Turawan Ingilan da ka yaba, da madubinsu da karkataccen dandamalinsu, me ya same su? Scimitar guda 76 suka ƙera, 39 sun tafi a haɗari, fiye da rabi. Sea Vixen 145, an rasa 55. Dalili, jiragen saman sun yi girma, jiragen ruwansu ƙanana ne, kuɗin gina manya babu, aka ce a yi haƙuri a yi da abin da ke akwai. A Sea Vixen mutum na biyu, mai duba na'ura, a wani rami yake zama a cikin jikin jirgin ba ya ganin waje sosai, su da kansu ramin gawayi suke kiran wurin. Ka yi tunanin fita daga nan jirgi na nitsewa da dare.

Wanda ya fi taɓa ni na Satumbar 1958 ne. Kwamanda John Russell, shugaban rundunar farko ta Scimitar, ya sauka a kan Victorious lafiya lau, ƙugiya ta kama. Igiyar ce ta tsinke. Jirgin ya gangara a hankali ya faɗa ruwa ta gefe. An gayyato 'yan jarida ranar su ga sabon jirgi. Helikwafta ta iso kansa, aka sauko da mutum har kan jirgin, amma kafin a fitar da shi jirgin ya nitse da shi, kyamara na ɗauka. Wane kuskure wannan bawan Allah ya yi?

Malam Na Fiziks, Bauchi

Abu Zainab, na karɓi gyara, ban kuma da abin cewa kan Demon. Har ma in ƙara maka. Jirgin gwajin da ya zama Sea Vixen ya tarwatse a sama a bikin nuna jirage na Farnborough a Satumbar 1952, ya kashe matuƙinsa John Derry da abokin aikinsa da 'yan kallo 29, kuma ranar ba a ma tsayar da bikin ba. Zamanin ne haka, mutanen da suka fito daga yaƙin duniya, mutuwar matuƙi ba ta girgiza su kamar yadda za ta girgiza mu.

Inda zan tsaya a kan bakana shi ne, gyaran da ya fi daɗewa bai zo ba na ɗabi'a ne, kuma wannan ya shafi manya da ƙanana. Yawancin jet ɗin farko kujera ɗaya gare su, babu inda malami zai zauna a bayanka. Ka karanta littafin jirgi, a zagaya da kai a nuna maka maɓallai, ka hau. Kowace runduna da yadda shugabanta ke son a yi abu, in an canja maka wurin aiki sai ka sake koyo. Matuƙa kuma suna ganin bin takarda aikin matsorata ne. Sai a ƙarshen shekarun 1950 Amurka ta kafa rundunonin da aikinsu kawai horar da mutum a kan irin jirgin da zai tuƙa, a 1961 kuma aka fito da ƙa'ida ɗaya rubutacciya ga kowane samfurin jirgi, wadda kowa zai bi ko shi wane ne. Ko da haka, daga 1949 zuwa 1988 sojan ruwan Amurka sun rasa jirage kusan 12,000 da ma'aikatan jirgi fiye da 8,500. Shekara 40 kafin haɗarinsu ya sauko daidai da na sojan samansu masu sauka a kan kwalta.

Ɗan Herwagana, amsar tambayarka ta biyu ke nan, yau ba haka abin yake ba, ko kusa. Har yanzu aiki ne mai haɗari kuma ana mutuwa, kada ka gaya wa Inna akasin haka. In kana son labarin da za ka kai mata, mutumin da ya fara saukar da jet a kan jirgin ruwa, Eric Brown, ya yi hakan ne a kan Ocean a Disambar 1945. Sau 2,407 ya sauka a kan jirgin ruwa a rayuwarsa, har da gwajin sauka ba taya a kan dandamalin roba. Ya rasu a 2016 bayan ya haura shekara 90.

Baban Khalifa

To Malam, ai ka dawo inda na fara. Sau 2,407 kuma ya mutu a gado.

Ɗan Herwagana

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Direba, a gaida jika.

Jiya bayan isha'i na zauna da Inna na ba ta labarin yadda na iya, ban nuna mata bidiyon ba. Na yi mata zancen madubi da jan-baki, ta ce ashe mata ne suka cece su. Na gaya mata mu ba mu da irin wannan jirgin ruwan ma, in ya samu shiga helikwafta ce iyakarsa. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, shi mai son sojan ruwan, ya iya ruwa? Duk muka kalli auta. Yaron nan ko kududdufin bayan gidanmu bai taɓa shiga ba. Ya ce zai je Dadin Kowa abokansa su koya masa a dam, ta ce wannan kam ko bayan ranta ba ta yarda ba.

Ta dai ce in saya masa fom ɗin. Yanzu wanda ya san inda ake koyar da iyo a cikin garin Gombe, wurin da ke da mai tsaro kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai gyaran waya ba, don Allah ya sanar da ni.